Buhu Bakwai Masu Jan Zare

Shafi na 14

Assalamu alaikum 'yan gida. Masu aiko min saƙo wai na gudu da labari, ban gudu ba, wayar ce ta faɗa bokitin wanki. Masu zagin Mainasara kuma ku ɗan sassauta harshe, ku karanta wannan tukuna.

*

Mainasara yana zaune a kan tabarma da kofin koko a gabansa, ko kurɓa ɗaya bai yi ba, sai ya ga inuwar matarsa ta tsaya a kansa. Barakatu ta durƙusa, hannunta duk kumfar sabulu, ta ajiye wani abu kusa da kofin. Basilla ce ta ɗinkin buhu, zarge da guntun jan zare.



"Baban Saudat, cikin aljihun wandonka nis same ta."

"To? Yau kif fara ganin basilla hannun dillalin riɗi?"

"Basilla na saba gani. Zaren nika tambaya."

Ya kauda kai. Ai ko yaron goye a Kaura ya san zancen zaren nan. Kowane gari da ya zuba riɗi a kwantenar da za a rufe yau a tura Ikko yana da launin da yake ɗinke bakin buhu da shi. Mutanen Gurbin Bore kore, na Dauran fari, na Sakajiki baƙi. Ja na mutum ɗaya ne, Sufyanu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kuwa Mainasara ko mudu bai zuba ba, tun ranar farko ya rantse riɗinsa ba zai shiga akwatin yaro ba.

"Shekaranjiya nib biɗi jarkata ta ruwa har magariba ban gane ta ba," in ji Barakatu. "Kad dawo da ita wayam, kac ce mashin kaw wanke. Ga mashin can, taɓon Sakajiki na nan jikinai har yau."

"Barakatu, ki tashi ki ba ni wuri."

"Ba ni tashi. Don girman Allah mi kay yi?"

Ya so ya daka mata tsawa, muryar ta ƙi fita. Kwana biyu ke nan abin yana cinsa shi kaɗai, ga shi yau ya sami kunne. Sai kawai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Bakwai na."

"Bakwai mi?"

"Buhu bakwai, cikin nashi. Da anka tahi sallar la'asar nis shiga shagon tasha, nik kwance bakinsu, niz zuba ruwa can tsakiya, nim mayar nid ɗunke. Na kowa ban taɓa ba. Nashi kaɗai."

Barakatu ta dafe ƙirji, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɗan uwanka?"

"E, ɗan uwana!" Yanzu kam muryar ta fito. "Ke ma ce shi za ki yi? Sufyanu, Sufyanu! Shekara ashirin ina tsaye kasuwar Kaura, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. Wa ka saida ma mutanen Dauran riɗi in ba ni ba? Wa ka bin hanyar Zurmi sa'ad da kowa ka tsoron ta? Yaro ya tahi Ikko shekara shida, ya dawo da hula mai baki da takardar kamfani, shi ke nan na zama bango. Jiya Jabiru, ƙanenki na cikinku, yaw wuce ni bakin masallaci, hannu kawai yad ɗaga man, shina sauri ya riƙe ma Sufyanu jaka!"

Hassada ce, ba sai an saka mata wani suna ba, kuma shi kansa ya sani. Da ma ta kasuwa ce kaɗai da ya iya haɗiye ta. Wadda ta fi ƙona masa rai tana cikin gida, wajen mahaifinsu.

Baba Namadi ya yi shekara talatin yana aiki a shagon kaya na tashar jirgin ƙasa ta Kaura, tun zamanin da ake loda gyaɗa a taragu. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin dogo, idon tsoho ma ya rufe. Mainasara ne mai kai shi asibiti Gusau, shi ne mai yanke masa farce, shi ne mai jan hannunsa zuwa Juma'a. Amma tun da Sufyanu ya dawo, kullum bayan sallar isha'i sai ka ji tsoho yana cewa, "Ina na Ikko? Zo ka ƙara hwaɗa man, kwantena nawa jirgin ka ja?" Sufyanu ya zauna yana zuba labarin jirgin ƙasan da ke shiga har bakin teku, da ƙugiyoyin da ke ɗaga akwati kamar kwalin ashana, tsoho yana dariya har da tafi. Mainasara yana gefe riƙe da maganin da bai samu bakin da zai ba shi ba.

"Ni dai so nike a buɗe can Ikko," ya ce, murya ta yi ƙasa, "a caka masu jan zare a ga jiƙaƙƙu na, a ware su gefe. Ya ji kunya sau guda. Sau guda tak, Barakatu, shi ma a dube shi yadda aka dubana."

Barakatu ta zuba masa ido. Hawaye ne a fuskarta, amma kallon da take masa na tausayi ne, wanda ya fi zagi ciwo.

"A ware su gefe? Kai ka aza kwantena kasuwar Kaura ta?"

"Kamar ƙaƙa?"

"Ran da Sufyanu yat tara mutane shina bayani, kai kana ina? Kac ce ba ka zama yaro ya koya ma riɗi. To ni na ji, ina bayan zana ni da Hafsat matatai. Nan kasuwa in buhu ya ɓaci, mai shi kaɗai ka jin kunya. Can ba haka na ba. In an rufe ƙofar ƙarfen nan an ɗaura hatimi, babu mai buɗe ta. Tirela ta kai ta Badun, a aza ta bisa jirgin ƙasa, ta sauka bakin teku, ta zauna cikin rana tana jiran layi. Yac ce cikinta zahi ka yi awa tanderu. Buhu guda mai danshi ya isa ya tada gumi, fumfuna ta bi sauran dut. In sunka buɗe sunka ji wari, ba su tambayar launin zare. Kwantenar gaba ɗaya za su ƙi."

Mainasara ya girgiza kai.

"Ƙarya na. Don ya tsorata mutane yah hwaɗi haka."

"Wake ɗaya shi ka ɓata gari, ba ka taɓa ji ba? Noman Jabiru na shekara guda na ciki. Na Innata na ciki, tsohuwa da tad duƙa da kanta tana kaɗe riɗi. Mutanen Dauran da sunka yi noma rabi suna gona rabi suna kallon daji, nasu na ciki. Kuma yac ce in ta farko ta ɓaci, kamfanin ba shi sake waiwayar Kaura."

"Ban sani ba... Wallahi ban sani ba."

"Ai ba ka so ka sani ba."

Ta ɗauki basillar ta danƙa masa a hannun hagu, hannun da yake komai da shi in ban da cin abinci. Ta naɗe masa yatsun a kanta.

"Ƙarfe goma za a rufe. Tashi ka tahi ka hwaɗi da bakinka tun ba a ɗaura hatimi ba."

"Gaban mutane? Gaban Baba?"

"Ka ja shi Sufyanun gefe. Ɗan uwanka na, shi rufa ma asiri."

"In roƙi Sufyanu ya rufa man asiri?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Gara in mutu."

"To ni ba ni iya kallon idon Inna. In ba ka hwaɗi ba, wallahi mayafina zan ɗauka in tahi tashar da ƙafata."

Ya san Barakatu. Ba ta cika rantsuwa ba, in ta yi kuwa sai ta cika. Ya jefa basillar a aljihun riga, ya zura takalmi, ya fita ko hula bai gyara ba.

*

Rabon da tsohuwar tashar Kaura ta ga jama'a haka an manta. An share gaban shagon kaya, an kori awakin da suka mayar da layin dogo wajen kiwo. Tirela ta juyo da baya, ga kwantena shuɗiya a kanta, ƙofofi biyu a wangale, buhuna jere har kusa da rufi. Manoma sun zo da manyan riguna kamar ranar ɗaurin aure, kowa yana nuna wa ɗan uwansa launin zarensa.

Idon Mainasara bai sauka ko'ina ba sai a layin ƙarshe, na bakin ƙofa. Jan zare ne daga sama har ƙasa. Sufyanu ne ya ce a sa nasa a ƙarshe, wai in an buɗe a Ikko a fara da nasa, in da aibu a gani a kansa. Ran da ya faɗi haka mutane har kabbara suka yi, Mainasara kuwa ya kwana yana tsaki.

Ya kutsa cikin mutane yana maimaita abin da zai ce. Sufyanu, zo mu yi magana. Kalma biyar ce, me zai gagara?

"Yaya!"

Sufyanu ne ya hango shi, ya taho da sauri da takardu a hammata, fuskarsa kamar gonar auduga. Ya rusuna ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhamdulillahi! Na ce ba a rufewa sai ka iso. Na aika gida sau biyu."

"Sufyanu, zo mu..."

"Yanzun nan Yaya, minti guda. Direba na ta ƙorafin rana na yi."

Bai saki hannun ba. Ya ja shi har bakin tirela, inda aka ajiye wa Baba Namadi kujera a inuwa. Tsoho ya sha farar riga, ya ɗora tsohuwar hularsa ta aikin jirgi wadda ta koɗe har ba a gane launinta. Sufyanu ya ɗaga murya.

"Jama'a, salamu alaikum! Kahin a rufe, akwai maganar da munka ɓoye, ni da Baba."

Wuri ya yi tsit. Ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga.

"Kamfani sun ce sai an ba su sunan mutum guda nan Kaura, wanda kowace kwantena za ta fita da sunanai, wanda in yac ce kaya sun yi, sun yi. Ni aikina can bakin teku na, gobe nika komawa. Da nit tambayi Baba, ko numfashi bai ja ba yac ce, yaro, kai ka san jirgi, amma riɗi da mutane yayanka yas san su. Don haka sunan da ag ga takardag ga, tun wata guda da yaw wuce, na Yaya Mainasara na."

"Allahu Akbar!"

"Ya cancanta!"

"Wallahi an aje abu wurinai!"

Jabiru ne ya fara rungume shi. Dattawan Dauran suka yi layi suna miƙo hannu. Mainasara yana karɓa yana kallon takardar, ga sunansa nan da manyan baƙaƙe, har da na mahaifinsa. Wata guda! Wata guda yana kwana da gaba da yaron da ya riga ya ɗora shi a gaba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Wani abin haushin kuma, ko a wannan lokacin sai da wani ɓangare na zuciyarsa ya ce, ka ga, har girman ma daga hannunsa za ka karɓa.

"Mainasara," in ji Baba Namadi yana lalubo shi da hannu. "Ka yi shiru. Ka aza ban san wa ka yanke man akaihu ba? Labarin jirgi daɗin kunne na. Kai ko kai na ƙafata."

Shekara nawa yana jiran wannan magana, sai yau ta zo, ranar da ba shi da wurin ajiye ta.

Sufyanu ya ciro hatimin daga aljihu, wani ɗan ƙarfe mai kan rawaya da lamba a jiki, ya saka masa a tafin hannu.

"In ya shiga ya shiga ke nan Yaya, sai dai a yanke shi can Ikko. Kai za ka ɗaura. Ɗazu mi kaka son hwaɗa man?"

Ga dama ta zo har gida. Mainasara ya dubi ƙaninsa, ya dubi mutanen da ke masa murmushi. Can bayan taron, gindin wata bishiyar darbejiya, ya hango mayafin Barakatu. Ashe ba ta iya zaman gidan ba.

Ya buɗe baki.

"Ba komi," ya ce. "A rufe."

Kai, Mainasara! Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ji kamar in shiga in girgiza shi.

Direba da wani lebura suka kama ƙofar dama suka turo, ƙarfe ya yi ƙara. Suka kama ta hagu.

"Ku dakata."

Baba Namadi ne. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Mu zamaninmu ba a rufe tarago sai na sa kaina ciki. Shekara talatin, Bature bai taɓa maido man da gyaɗa daga Ikko ba. Ido ya tahi, amma hancin na nan. Ku kai ni."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho don a faranta masa. Sufyanu ma yana dariya ya ce, "Baba, an gwada da na'ura tun ran Litinin, dut sun bushe ƙayau."

"Na'urarka ta ran Litinin ta. Yau Alhamis."

Aka kawo benci, Jabiru da Sufyanu suka tallafe shi ya hau bayan tirela. Mainasara yana tsaye a ƙasa, hatimi a hannu. Addu'a yake son yi, amma bai san me zai roƙa ba, a gane ko kada a gane.

Tsoho ya ce bismillah, ya kusanta fuskarsa da buhunan. Ya shaƙa ta dama, ya gyaɗa kai. Ya matsa tsakiya, ya shaƙa. Ya matsa hagu.

Ya tsaya.

Ya sake shaƙa, a hankali wannan karon. Murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke. Masu dariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai danshi."

"Baba, ba shi yiwuwa..."

"Na ce akwai danshi. Jawo man wanga. Da na ƙarƙashinai."

Leburori suka jawo buhu biyu zuwa bakin ƙofa. Jan zare. Surutu ya tashi a cikin taron, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ya yi sama.

"Na Sufyanun na!"

"Kai! Shi da ka yi muna wa'azin shanya?"

"Ashe nauyi yaka nema, ya jiƙa nashi ya kashe mu dut!"

Direba ya caka tsinken ƙarfe a cikin buhun har tsakiya, ya zaro. Riɗin da ya fito ya dunƙule, ya yi duhu, yana ɗan tururin zafi. Sufyanu ya karɓa a tafinsa yana kallo.

"Wallahi tallahi kwana huɗu nis shanya shi. Jabiru, kai shaida na! Yaya, kai ka san ba ni yin haka. Yaya, hwaɗa musu!"

Ga abin da Mainasara ya kwana biyu yana jira. Ga Sufyanu a tsaye gaban Kaura da Zurmi, ana dubansa yadda ya so a dube shi. Ya laluba zuciyarsa ko zai sami daɗin da ya yi tsammani, bai sami komai ba sai ɗaci. Kuma wa yaron ya kira ya cece shi? Shi.

Baba Namadi ya ajiye sandarsa. Ya durƙusa a bayan tirelar, ya ɗora yatsunsa a bakin buhun yana bin ɗinkin, ɗaya bayan ɗaya, tun daga wannan kunne har wancan. Ya saki, ya laluba wani buhun mai jan zare da ba a jawo ba, ya bi nasa ɗinkin. Ya dawo kan na farko. Shi ya koya wa 'ya'yansa biyu riƙon basilla a cikin shagon nan da ke bayansu, ya san yadda zaren kowannensu yake kwanciya.

"Sufyanu."

"Na'am Baba."

"Wa yad ɗunke wanga buhu?"

"Ni na, Baba. Dut nawa da hannuna nid ɗunke su."

"Wancan kai na. Wanga ba kai na ba." Tsoho ya girgiza kai. "An kwance shi an mayar. Zaren ya kwanta ta haggu. Kai ko ba bahago ba na."

Tashar ta yi tsit, har kukan awakin da aka kora ana ji daga nesa. Mainasara ya ji basillar da ke aljihun rigarsa tana tokarinsa a ƙirji. Babu wanda ya juyo ya dube shi tukuna, sai Sufyanu. Shi kam ya juyo a hankali, riɗin yana zubewa ta tsakanin yatsunsa.

Baba Namadi ya ɗago fuskarsa daidai inda babban ɗansa yake tsaye, kamar idon bai taɓa rufewa ba. Muryarsa ba faɗa a cikinta.

"Mainasara."

"Na'am... Baba."

"Matso. Miƙo man hannunka."

Ya matsa. Ya ɗaga hannun dama, wanda ke riƙe da hatimi. Tsoho ya taɓa shi, ya ture gefe.

"Ba wanga ba. Na haggun."